Ado da Kashe Kuɗi ga Matan da ke Zaune a Ƙasashen Waje: Da Wane Ma'auni Ake Gane Israfi?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hukuncin ado da kuɗin da ake kashewa a kansa ga matan Musulmi da ke zaune a ƙasashen da ba nasu ba, musamman matan Hausawa da karatu ko aiki ko aure ya kai ƙasashen Larabawa da Turai. Ta ɗauko ma'aunai huɗu da malaman Malikiyya suka gina hukuncin ciyarwa da tufatarwa a kansu, ta gwada su a kan rayuwar baƙunci, sannan ta nuna cewa tsadar kaya ita kaɗai ba ta tabbatar da israfi, kamar yadda arharsu ba ta kore shi.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Daga cikin tambayoyin da ke iso wa malamai ta wayar salula a wannan zamani akwai na matan da ke zaune a wajen ƙasa. Ma'aikaciyar jinya a Ingila za ta tambaya ko rigar sanyin da ta saya fam 150 ta shiga israfi, tunda 'yan'uwanta a gida sun juya kuɗin zuwa naira sun riƙe baki. Matar aure a Jidda za ta tambaya ko ya halatta ta karɓi sarƙar gwal ta riƙa biya kashi-kashi. Ɗaliba a Alƙahira za ta tambaya ko dole ne ta shiga ankon bikin da ba za ta halarta ba. Sau da yawa malamin da aka tambaya yakan amsa da ma'aunin garinsu: ya ji adadin kuɗin, ya kwatanta shi da albashin ma'aikaci a Kano ko Zinder, ya yanke hukunci. A nan kuskure yake shigowa ta fuska biyu. Ana iya ƙuntata wa mace a kan abin da ya zama buƙata a inda take, ana kuma iya sake mata a kan abin da zai jefa ta cikin riba da bashin da zai ci aurenta.

2.0 Asalin Ado da Iyakarsa

Asali a shari'a ado halal ne. Aya ta 32 ta Suratul A'araf ta yi inkari ga mai haramta ƙawar da Allah Ya fitar wa bayinSa, aya ta 31 da ta gabace ta kuma ta haɗa umarnin yin ado da hanin wuce iyaka a wuri guda. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Muslim ya ruwaito, wani sahabi ya ji tsoron kada son kyakkyawar riga da kyakkyawan takalmi ya zama girman kai, sai Annabi (SAW) ya bayyana masa cewa Allah Yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. An kuma halatta wa mata gwal da alhariri, alhali an haramta su ga maza.

Iyakar ta zo da kalmomi biyu: israfi da tabziri. Al-Jurjani a littafinsa At-Ta'arifat ya bambance su da cewa israfi shi ne kashe dukiya a inda ya dace amma fiye da yadda ya dace, tabziri kuwa, wato almubazzaranci, shi ne kashe ta a inda bai dace ba tun asali. Saboda haka tabziri ana gane shi daga abin da aka saya, ko da na kwabo ne. Israfi kuwa ba a gane shi sai an san wane ne ya saya. Ibnu Hajar ya fayyace wannan a Fathul Bari yayin sharhin hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ya hana tozarta dukiya. Ya nuna cewa kashe kuɗi a kan abubuwan jin daɗi na halal ba israfi ba ne muddin ya dace da halin mai kashewa da gwargwadon dukiyarsa. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta siffanta bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, ba ta kuma ƙayyade wani adadi ba.

3.0 Ma'aunai Huɗu

Tunda nassi bai yanka adadi ba, dole a nemi ma'auni. Shaihu Khalil ɗan Ishaƙ, a babin ciyarwa na Mukhtasar ɗinsa wanda ɗaliban ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa a zaure, ya rataya abin da ya wajaba a kan miji na abinci da tufafi da muhalli a kan al'ada, sannan ya ɗaure al'adar da abubuwa huɗu: ƙarfin mijin, matsayin matar, garin da suke zaune, da farashin kaya a lokacin. Ya sanya kayan adon da rashinsu ke cutar da mace, irin su kwalli da man shafawa da aka saba da lalle, cikin abin da ke kan miji, ya kuma fitar da alhariri daga cikin wajibi. Tushen wannan shi ne aya ta 233 ta Suratul Baƙara da ta ɗaura tufatarwa a kan abin da aka sani, da aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ da ta ɗaura ciyarwa a kan yalwa ko ƙuncin mai ciyarwa, da kuma izinin da Annabi (SAW) ya ba Hindu 'yar Utba na ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon abin da aka saba.

An ambaci waɗannan ma'aunai ne game da haƙƙin mace a kan mijinta. Abin da wannan maƙala ke ganin ya dace shi ne a yi amfani da su har ga macen da ke kashe kuɗin guminta, domin tambayar ɗaya ce a duka biyun: mene ne gwargwadon da ya dace da wannan mace, a wannan wuri, a wannan lokaci? Macen da ke garinsu ba ta cika jin nauyin tambayar ba, saboda ma'aunan huɗu suna tafiya tare. Wadda ke baƙunci kuwa sun rarrabu mata: tana samun kuɗi da ma'aunin wata ƙasa, tana biyan haya da farashin ƙasar, amma ana auna matsayinta da idon mutanen da ta baro a gida.

4.0 Gari: Abin da ke Sauyawa da Wanda Ba Ya Sauyawa

Imam Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya yi gargaɗi a littafinsa Al-Furuƙ cewa idan mai tambaya ya zo daga wata ƙasa, kada mufti ya ɗora masa al'adar garinsa, sai ya bincike shi game da al'adar inda ya fito ya ba shi fatawa a kanta. Ash-Shaɗibi ma a Al-Muwafaƙat ya kawo misalin barin kai ba rufi ga namiji, wanda a zamaninsa abin kunya ne ga masu mutunci a ƙasashen gabas, amma ba haka yake a ƙasashen Magrib ba, ya nuna cewa hukunci yana bin wannan bambanci.

Abin da ba ya sauyawa da sauyin gari shi ne suturce jiki yadda aya ta 31 ta Suratun Nur da ta 59 ta Suratul Ahzab suka yi umarni, da kauce wa tufa mai shara-shara ko mai matse jiki, da barin abin da nassi ya hana kamar ƙarin gashi da zanen jiki na dindindin. Abin da ke sauyawa shi ne launi da yadi da ɗinki. Baƙar abaya a Riyad, doguwar riga da ɗankwalin da matan Malesiya suka saba, babbar rigar sanyi da mayafi mai kauri a Manchester, dukkansu suna iya cika sharaɗin sutura. Ko a Saudiyya kanta, a shekarar 2018 Yarima mai jiran gado ya bayyana cewa abin da ake nema shi ne tufa ta mutunci, ba lallai baƙar abaya ba, kuma tun daga lokacin launuka suka yawaita a titunan Jidda da Riyad.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan kashe kuɗi. Rigar sanyi da takalmin da ke jure ƙanƙara a arewacin Turai suna cikin abin da malaman usul ke kira larura ko buƙata, domin kare lafiya ne. Kayan da wurin aiki ya tilasta su ma haka. Wadda ta saye su da tsada don su daɗe ba ta yi israfi ba, ko da kuɗin ya kai na leshi mai daraja a kasuwar Kwari. Akwai kuma ƙasashen da doka ta shiga maganar sutura. Faransa ta hana alamomin addini bayyanannu a makarantun gwamnati a 2004, ta hana rufe fuska a bainar jama'a da dokar 2010, ta kuma hana abaya a makarantun gwamnati a 2023. Uwar da ke neman wa 'yarta tufa mai yalwa wadda makaranta ba za ta kore ta saboda ita ba tana kashe kuɗi ne a kan kare addini da ilimi tare, kuma mufti ya kamata ya san haka kafin ya yi magana.

5.0 Farashi da Ƙarfin Aljihu

Babban abin da ke ruɗar mutane shi ne canjin kuɗi. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Riyal na Saudiyya da dirhamin Daular Larabawa a ɗaure suke da dala, saboda haka su ma suka tashi tare da ita. Albashin da bai ƙaru da ko sisi ba a Jidda ko Landan sai ya ninka sau uku a lissafin mutanen gida.

Amma ƙarfin da shari'a ke dubawa shi ne abin da ya rage bayan an sauke wajibai, kuma baƙo yana da wajiban da ɗan ƙasa ba ya da su. A Saudiyya an fara karɓar kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin ma'aikaci baƙo a watan Yulin 2017, riyal 100 a wata, ya hau har ya kai riyal 400 a 2020. A shekarar 2020 ɗin ne kuma harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. A Birtaniya, kuɗin kiwon lafiya da ake ɗora wa yawancin manya masu bizar zama ya kai fam 1,035 a shekara tun daga Fabrairun 2024, ban da kuɗin sabunta bizar kanta. Idan aka haɗa da haya da kuɗin jirgi da abin da ake aikawa iyaye, sau da yawa abin da ya rage kaɗan ne. Ga kuma wani abu: zaman baƙo a rataye yake da aikinsa. Ranar da kwantiragi ya ƙare, izinin zama yana iya bin sa. Don haka ajiye wani abu saboda ranar komawa yana cikin lissafin ƙarfi, kuma aya ta 29 ta Suratul Isra'i ta yi gargaɗi game da sakin hannu gaba ɗaya har mutum ya zauna cikin zargi da nadama.

6.0 Matsayi da Idon Gida

Ma'auni na huɗu, wato matsayin mace, shi ya fi wuyar sha'ani. Malaman fiƙihu suna nufin matsayinta na haƙiƙa a tsakanin tsararrakinta. A baƙunci kuwa ana samun wani matsayi na biyu wanda mutane suka ƙaga mata: ai tana waje. Wannan matsayi yana da kuɗinsa. Akwai ankon kowane biki na dangi, akwai gudummawar lefe, akwai akwatunan tsaraba na turare da abaya da mayafai idan za a zo hutu, akwai kuma hotunan da ake sa ran gani a WhatsApp da Instagram, inda maimaita kaya ɗaya sau biyu yake zama abin magana.

Hadisai biyu sun yi daidai da wannan hali. Na farko shi ne na Asma'u 'yar Abubakar a Bukhari da Muslim, inda wata mata ta tambaya ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai Annabi (SAW) ya kamanta mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sanya tufafin ƙarya biyu. Na biyu shi ne na Abdullahi ɗan Umar a Abu Dawud da Ibnu Majah game da narkon da ke kan mai sanya tufar neman suna. Malamai sun bayyana cewa tufar shuhura ta ƙunshi wadda ta fita daban da tsada, da wadda ta fita daban da ƙasƙanci don a ce mai ita ta guji duniya. Suratul Ƙasas, aya ta 79 da ta 80, ta nuna ɗaya ɓangaren cutar: lokacin da Ƙaruna ya fito wa mutanensa cikin adonsa, masu son duniya suka yi burin irin nasa. Wadda ta dawo hutu cikin adon da ta ci bashi ta saya tana cutar kanta, tana kuma sanya ƙannenta raina abin da mazajensu ke iya yi musu.

Wannan ba ya nufin tsaraba abin zargi ce. Kyauta sunna ce, sada zumunta kuma wajibi ne. Sharaɗin shi ne ta fito daga rarar da ke hannu. A nan akwai wata mas'ala ta Malikiyya da ya kamata ɗalibi ya sani: mace tana da cikakken iko a kan dukiyarta wajen saye da sayarwa, amma idan kyautar da matar aure za ta yi ta haura sulusin dukiyarta, mijinta yana da damar hanawa. Jumhurun malamai ba su tafi a kan haka ba, suna ganin mace mai hankali da shiriya tana da ikon kyauta ba tare da wannan iyaka ba. Ko da wane ra'ayi aka ɗauka, mas'alar tana nuna cewa malamai sun lura da yadda yawan kyauta ke iya taɓa zaman gida.

7.0 Hanyar Biya: Katin Bashi, Gwal da Zakka

Ko da abin da aka saya ya dace ta kowace fuska, hanyar biyan kuɗinsa tana iya ɓata shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda, a ƙudurinta mai lamba 108 na zaman da ta yi a Riyad a shekarar 2000, ta hana mu'amala da katin bashi wanda aka sharɗanta ƙarin ruwa a cikinsa, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin wa'adin ruwan ya fara. A ƙudurinta mai lamba 51 na 1990 kuwa ta halatta sayarwa kashi-kashi ko da farashin ya ɗara na hannu da hannu, muddin an tsayar da shi tun wurin ƙulla ciniki, amma ta hana ƙara wa mai bashi wani abu saboda jinkiri.

Da wannan za a auna tsarin karɓi yanzu ka biya daga baya, wanda kamfanoni irin su Tabby da Tamara a ƙasashen Tekun Fasha da Klarna a Turai suka yaɗa, inda ake raba kuɗin kaya gida uku ko huɗu. Sharuɗɗansu suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, suna kuma sauyawa, saboda haka hukunci yana kan abin da ke rubuce a yarjejeniyar: akwai tarar jinkiri ko babu, akwai ruwa a kan dogon wa'adi ko babu. Ko inda babu, sauƙin tsarin yana sa a sayi abin da ba za a saya ba da a ce za a zaro kuɗinsa gaba ɗaya.

Gwal yana da hukuncinsa na daban. Hadisin Ubada ɗan Samit a Sahihu Muslim ya sharɗanta karɓa hannu da hannu a cinikinsa, kuma mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa ƙera shi ya zama sarƙa ko awarwaro ba ya fitar da shi daga wannan hukunci. Tunda malaman zamani sun ba takardun kuɗi hukuncin gwal da azurfa, sayen sarƙa bashi ko kashi-kashi bai halatta ba a wurin jumhuru, kuma ƙuduri na 108 ya ambaci hana sayen gwal da katin bashin da babu kuɗi a bayansa. Ibnu Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim sun ga cewa gwal ɗin da aka ƙera don ado ya zama haja kamar sauran kaya. Ra'ayi ne sananne, amma na tsiraru, kuma wadda ta shiga kasuwar gwal ta Deira a Dubai ta biya nan take ta fita daga saɓanin.

Sai zakka. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya ruwaito cewa Nana A'isha tana riƙon 'ya'yan ɗan'uwanta marayu masu kayan ado, ba ta kuma fitar musu da zakka a kai. A kan haka Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila suka ce babu zakka a kan gwal ɗin da mace ta tanada don sawa, Hanafiyya kuwa suka wajabta. Sai dai mata da yawa a baƙunci suna sayen gwal ne a matsayin asusu, don gudun faɗuwar kuɗin gida. Wanda aka saya da wannan niyya, a Malikiyya ma akwai zakka a kansa idan ya kai nisabi, wato misƙali 20, kimanin giram 85, shekara kuma ta zagayo: ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Niyya ce ke raba awarwaron ado da awarwaron ajiya, ko da a akwati ɗaya suke.

8.0 Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne, malamin da macen da ke waje ta tambaya game da adonta bai kamata ya fara da jin adadin kuɗi ba. Zai fara da tambayar ko abin halal ne a kansa. Sannan ya tambayi matsayinsa a garin da take, buƙata ne ko ƙawa. Sannan ya tambayi abin da ya rage mata bayan haya da haraji da haƙƙin iyaye da tanadin komawa, da yadda za ta biya, da kuma wanda take son ya gani. Mai rigar sanyi ta fam 150 tana iya fita ba laifi, mai mayafin riyal 50 da aka ɗora a kan katin ruwa don hoton biki kuma ta faɗa cikin abin da aka hana.

Nauyin bai tsaya a kan matan kaɗai ba. Dangin da ke gida suna da rabonsu, domin buƙatunsu ne sau da yawa ke tura 'yar'uwarsu cin bashi, kuma masu wa'azi suna da damar faɗa musu haka a kan mumbari. Mazaje ma ya kamata su san cewa kayan adon da aka saba haƙƙi ne a kansu gwargwadon farashin inda suka kai matansu, ba na inda suka baro ba. Ɗaliban fiƙihu kuwa, babin ciyarwa da na ciniki da suke karantawa a Mukhtasar da Risala suna ɗauke da ƙa'idojin amsa waɗannan tambayoyi, da sharaɗin su yi abin da Al-Ƙarafi ya nema, wato su san garin mai tambaya kafin su ba ta amsa. Allah ne Mafi sani.